Kafin Kututture Ya Tafi Murhu

Gaisuwa ta musamman ga kafintocin Daura da yaran shagonsu, da masassaƙa, da masu walda, tun daga cikin gari har Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa. Sharhinmu na yau naku ne. Wanda kuma ba ya riƙe zarto kada ya murɗa akwatin rediyonsa, domin in dai akwai bishiya a ƙofar gidansa, maganar ta shafe shi.

Duk shekara idan damina ta kawo kai, iskar farkon ruwa ba ta wucewa sai ta kayar da bishiyoyi a ƙasar nan. Wata darbejiya ce da ta tsufa a bakin titi, wani maɗaci ne a harabar makaranta, wata kuma tsamiya ce da gara ta cinye wa gindi. Ban da na iska, akwai waɗanda aiki ke kayarwa, ko faɗaɗa hanya, ko ginin gida, ko babban aiki irin layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2021 kuma ya biyo ta Daura. To ina waɗannan itatuwa suke zuwa? Kowa ya san amsa. Kafin rana ta faɗi mai injin yanka ya iso ya daddatsa, masu faskare sun karɓa daga nan. Kututturen da mutum biyu ba sa iya rungumewa, wanda ya yi shekara 40 ko 50 yana girma, sai ya ƙare a ƙarƙashin tukwanen biki cikin mako guda.

A daidai wannan lokaci kafintanmu yana kan hanyar Kano. Zai je 'Yan Katako a Na'ibawa ya sayo katakon da aka ɗauko tun daga dazuzzukan Ondo da Edo, ya biya kuɗin kaya, ya biya kuɗin mota, ya biya lodi da saukewa. In aljihun mai aiki bai kai ba, sai a koma wa allon nan na garin katako da aka matse da gam, wanda ake kira MDF, a haɗa wa amarya kayan ɗaki masu ƙyalli, waɗanda in ruwa ya shiga ƙarƙashinsu sau ɗaya sun fara kumbura ke nan. Wannan abu yana ci mini rai. Katako mai kyau muna ƙona shi a gida, marar ƙwari muna sayo shi da tsada daga nesa.

Kada a yi saurin ɗora wa kafinta laifi. Ka tambaye shi, zai gaya maka dalilinsa, kuma dalili ne mai ƙarfi. Idan aka tsaga kututture da injin yanka aka fitar da falanki mai faɗi, fuskarsa tudu da kwari ce, duk sawun haƙoran sarƙa. In ya bushe kuma sai ya ƙara da murɗewa, ka ajiye shi a ƙasa ka ga kusurwa ɗaya ta ɗaga. Ina za a kai shi? Ƙaramin injin filen bakinsa inci 12 ne ko 13. Manyan da ke wuraren yankan katako sukan kai inci 20 zuwa 24. Falankin da ya kai ƙafa 3 a faɗi ba shi da ƙofar shiga. Ko da ya shiga ma, akwai abin da da yawa ba su lura da shi ba: injin filen danne katako yake yi yana aske shi, yana fitowa ya koma yadda yake. Murɗaɗɗe ya shiga, murɗaɗɗe zai fito, sai dai ya yi santsi ya rage kauri. Filen hannu kuwa, duk wanda ya taɓa sa shi a kan darbejiya ya san halinta. Jijiyarta a harɗe take, ka tura ta nan ta yage, ka juyo ta can ta yage. Shi ya sa kafinta ke kallon kututture ya kau da kai.

Maganin wannan matsala na'ura ce da mafi yawan shagunanmu suka riga suka sani, wato rauta, wadda ake fitar da ado da ita a gefen gado da ƙofar wadirob. Abin da ya rage kawai a gina mata hanyar da za ta bi. Ku tuna yadda magini ke daidaita daɓen siminti: ya kafa miƙaƙƙun katakai biyu a gefe da gefe, ya ɗora na uku a kansu yana ja, duk abin da ya yi tudu ya kwashe. To haka nan. Sanduna biyu miƙaƙƙu a dama da hagun falanki, gada a gicciye a kansu, rauta a cikin gadar tana kai da komo, bakinta na leƙowa ta ƙasa yana aske duk abin da ya ɗara tsayin da aka saita. Rautar ba ta bin fuskar katakon, sandunan take bi. In sandunan sun daidaita, falanki ba shi da zaɓi sai ya daidaita.

A Amurka wani kafinta ɗan asalin Japan, George Nakashima, wanda ya rayu daga 1905 zuwa 1990, shi ya ɗaukaka teburin falanki guda da ake barin gefensa yadda Allah ya halicci bishiyar, har kayansa suka shiga gidajen adana kayan tarihi. A 2011 kuma mujallar kafintoci ta Fine Woodworking ta buga bayanin Nick Offerman, ɗan wasan kwaikwayo mai shagon kafinta, kan irin gadar da yake miƙar da manyan falankai da ita, abin da ya ƙara yaɗa dabarar. Yau kamfanoni na sayar da tasu ta alminiyam da kuɗi mai kauri. Mu ba ma buƙatarta. Duk abin da gadar ke nema akwai shi a wurin mai sayar da ƙarfe da mai walda na unguwa.

Bari mu gina ta tare, ku biyo ni a hankali.

Farko sandunan gefe. Wani zai ce ga tubaifo nan a shago, me zai hana? Zai yi na ɗan lokaci, amma katakon kasuwa sau da yawa ɗanye ne, kuma abin da ka ga ya miƙe a watan Agusta, hunturu na busawa zai lanƙwashe. Shawarata a sayi bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, inci 2 a 2 ko wanda ya fi haka tsayi, mai kaurin jiki. Kafin ka biya, ɗaga shi ka sa ido ɗaya ka leƙa tsawonsa, in ka ga ciki ko doro ka ajiye ka ɗauki wani. A yanka guda biyu, kowanne ya ɗara falankin da aƙalla ƙafa ɗaya a kowane ƙarshe, don rauta ta samu wurin fita. Ga kuma roƙona ga 'yan'uwa masu walda: zafin wuta yana jan ƙarfe. In aka bi sandar da walda mai tsawo, za ta karkace ko ido bai gani ba. A ɗan ɗiga a wuraren da ya zama dole, ko ma a huda a ɗaure da noti, wanda ya fi, domin gobe za a iya kwancewa a sake saiti.

Sai gadar kanta. Hanya mafi araha ita ce filawud mai kaurin milimita 18. A yanka dogon allo wanda faɗinsa ya ɗara gindin rauta da ɗan kaɗan, yadda za ta zame ba tare da ta yi rawa ba. A tsaga doguwar kafa a tsakiyarsa inda bakin zai leƙo. Sannan a kafa masa bango biyu a tsaye, dama da hagu, kowanne inci 4 ko 5, da gam da sukuru. Waɗannan bangaye su ne ƙashin bayan gadar, su ke hana ta lotsawa. Wanda ya fi son ƙarfe sai ya jera ƙarfen kwana guda biyu suna fuskantar juna, gindin rauta ya zauna a tsakaninsu. Ko wanne aka zaɓa, a gwada shi kafin a fara aiki: ɗora gadar a kan sanduna, sa rauta a tsakiya, danna da hannu kamar yadda za ka danna lokacin aiki, wani ya tsuguna ya duba da miƙaƙƙen ƙarfe. In ta lotsa ko da kaurin takardar kwali ne, teburinka zai fito da kwari a tsakiya, shayi ya zube ya taru a can. A ƙara mata ƙarfi tukuna. A ƙarshen gadar biyu a kafa 'yan katakai daga ƙasa don kada ta zame ta faɗo daga kan sanduna, daga sama kuma a sa wasu da za su tare rauta kada bakinta ya kai ga ƙarfe. A goga kyandir a duk inda abu ke zamewa a kan abu. Shi ke nan, gada ta samu.

Yanzu ga wurin da aikin yake, kuma a nan ne nake son yaran shago su buɗe kunne. Sanduna biyu kowacce na iya zama miƙaƙƙiya, amma in ɗaya ta ɗan ɗaga kai ɗayar ta ɗan sunkuya, gadar za ta kwafi wannan murɗewa ta zuba wa falankin. Ka sha wahala yini guda, ka cire tsohuwar karkata ka sa sabuwa. Yadda ake ganewa ba ya cin ko sisi. Samo zaren magina ko na kamun kifi. Ɗaura ɗaya daga kusurwar nan zuwa waccan ta gicciye, ɗaura na biyu a sauran kusurwoyin, su haɗu a tsakiya. Zaren da ke sama ka sa masa guntun irin zaren a ƙarƙashinsa a ƙarshensa biyu, don ya ɗaga daidai kaurin ɗan'uwansa. Sai ka tsuguna ka dubi mahaɗar. In akwai rata a tsakaninsu, ko na sama ya danne na ƙasa har ya lanƙwasa shi, sandunan ba su daidaita ba. Ka riƙa cusa siririn ciko a ƙarƙashin kusurwa ɗaya har sai zaren biyu sun shafi juna shafa kawai. Nan ka ɗaure. Wannan gwaji na minti kaɗan shi ke raba aikin gwani da na mai gaggawa, kuma a maimaita shi duk safiyar da za a yi aiki, musamman in a kan ƙasa ko tsohon daɓe aka kafa.

Rautar fa? Ita ce mai cin kuɗi a duk wannan lissafi. Ƙaramar nan ta datse gefen fomeka ba za ta iya ba, ƙonewa za ta yi. Ana son babba mai ƙarfin wat 1,600 zuwa 2,100, mai karɓar baki mai sandar rabin inci, in da hali mai maɓallin rage gudu. Bakin da ake so shi ne mai shimfiɗaɗɗen gindi, faɗin inci ɗaya da rabi zuwa 2. Babban baki ba ya son cikakken gudu. Mai inci 2 kada ya wuce juyi 18,000 a minti, kuma in an rubuta ƙasa da haka a jikin kwalinsa, a bi abin da aka rubuta. In rautarka ba ta da wurin rage gudu, tsaya a kan ƙaramin baki, aikin zai ɗan daɗe amma hannunka zai zauna lafiya. Akwai kuma wata ɗabi'a mai hatsari da nake roƙon a bari: idan baki bai kai ga katako ba, sai a zaro shi waje a bar ɗan kaɗan a cikin mariƙi. Kada a yi. Aƙalla kashi uku cikin huɗu na sandar ya kasance a ciki. In bai kai ba, falankin za a ɗaga da katakai daga ƙasa. Batun wuta kuma, ƙaramin janaretan nan na cajin waya da fanka bai kai wat 1,000 ba, ba zai ko tayar da ita ba. A nemi mai kVA 3 zuwa sama.

A kwantar da falanki tsakanin sanduna. Idan yana rawa, kada a danne kusurwa ɗaya ƙasa a cike ɗayar. A raba ratar biyu, rabi a wannan kusurwa rabi a waccan, ta haka kaurin da za a yi asara zai ragu. A tokare shi ta ko'ina da 'yan katakai da aka kafa a gefe, yadda ko an tura shi da ƙarfi ba zai motsa ba. Kafin a kunna komai, a goge shi da burushin waya, domin iskar ƙasarmu yashi take ɗauke da shi, kuma yashin da ya maƙale a ɓawo yana dakusar da baki nan da nan. A kuma bincike shi da kyau. Bishiyar cikin gari ta ga rayuwa: an kafa mata ƙusar allon talla, an ɗaura mata wayar shanya, an ɗaure rago a gindinta, kuma nama ya rufe ƙarfen tun da daɗewa. Duk inda ka ga baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a jikin katako, ka yi zargin ƙarfe, ka tona kafin baki ya same shi.

Daga nan ɗauki fensir ka zazzana fuskar falankin gaba ɗaya. Nemo inda ya fi tudu, ka saita baki ya ci milimita 2 daga nan, kada ka wuce 3. Tura rauta ta ƙetare, dawo da ita, matsar da gada kamar rabin faɗin baki, sake turawa. A zagayen farko za ka ji mafi yawan lokaci iska take yanka, sai can ta taɓa tudu ta yi ƙara. A na biyu tsibiran da aka aske sun fara faɗi suna neman haɗewa. A nan ne ake ganin abin da ke sa mutum ya ƙaunaci wannan aiki. Falankin darbejiya da ya shigo shago toka-toka, kamar abin da aka tsinto a juji, sai ga ja mai duhu yana fitowa a bayan baki, da layuka suna bin juna kamar an zana, gefe kuma fari-fari, ƙamshinta mai ɗaci ya cika wurin. Ba mamaki, ai ita da maɗaci dangi ɗaya ne, dangin katakon da Turawa ke kira mahogani. Idan zanen fensir na ƙarshe ya ɓace, fuska ɗaya ta gama. A juya, a cire duk ciko, fuskar da ta miƙe ta kwanta a kan shimfiɗa madaidaiciya, a yi wa ta biyun.

Kada in ɓoye muku, aikin yana cin lokaci. Falanki mai ƙafa 6 inci 72 ke nan. In kana matsawa inci ɗaya-ɗaya, tura 72 ce a zagaye guda. In karkatar ta kai milimita 10, zagaye 5 ke nan, tura 360 a fuska ɗaya. Ga 'yan layukan da baki ke bari, waɗanda sai samfefa ta bi ta share, daga mai kaushi lamba 60 ko 80 har zuwa 180. Wanda zai sa wa teburin kuɗi ya sa da wannan lissafi a ransa, da man janareta, da bakin da zai dakushe.

Amma duk wannan wahala banza ce in katakon bai bushe ba, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa za su faɗi. Ɗanyen falanki ka miƙar da shi yau, bayan wata biyu ya koma kwale-kwale a ɗakin mai saye, sunanka ya ɓaci. Kafintocin Turai suna da ƙa'idar shekara guda ga kowane inci na kauri. Mu a nan iskarmu ta fi tasu bushewa, don haka lokacin kan ragu, sai dai matsalarmu ita ce saurin ya yi yawa. Hunturun Daura yana busar da bayan katako cikin kwanaki alhali cikinsa jiƙe yake, sai ya tsage tun daga ƙarshe. Don haka ranar da aka tsaga, a ranar za a shafe ƙarshen biyu da fenti mai kauri, ko ragowar fentin mai ne. A jera falankan a inuwa, a ɗaki ko rumfar da iska ke ratsawa a hankali, a kan bulo don gara da damshi. Tsakanin kowane biyu a sa 'yan sanduna busassu masu kauri ɗaya, tazarar ƙafa ɗaya da rabi, kowace a saitin ta ƙasanta. A ɗora nauyi a sama. Rana kada ta gan su. Wanda ba shi da na'urar auna damshi, sikeli ya ishe shi: ya riƙa auna falanki ɗaya lokaci-lokaci yana rubuta nauyin a jikinsa da alli, ranar da nauyi ya daina raguwa ya tsaya cik na makonni, katako ya kusa. A tsaga da kauri, inci 3 in ana son a ƙare da 2. Falankin da zuciyar bishiya ta ratsa tsakiyarsa kuwa kusan dole ya tsage, gara a raba shi biyu tun farko a yi benci da shi.

Iyayen shago, ga amana. Bakin rauta yana juyawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, ba ya bambance katako da yatsa. Ba a aiki da ita da babbar riga, ko hannun riga mai lilo, ko rawani mai jela. Ba a canza baki sai an zare waya daga soket, kashe maɓalli kawai bai isa ba. Ƙurar da wannan aiki ke tayarwa ta fi ta kowane aiki a shago, kuma tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na hanci. Ƙyallen da ake ɗaurawa a fuska ba ya tare ƙananan ƙwayoyin. A sayi takunkumi na gaske, da tabarau, da abin toshe kunne, a saya wa yaro kamar yadda aka saya wa kai. Yaron nan da aka kawo maka koyon sana'a, iyayensa da huhu lafiyayye suka ba ka shi.

Wa zai sayi irin wannan kaya a Daura? Masu saye suna nan. Garin ya samu kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 2019, ga jami'ar sufuri, ga ofisoshi da masaukan baƙi da ke ƙaruwa, kuma duk suna neman teburi. Amma ni ba manyan ofisoshi kaɗai nake hange ba. Tela yana son teburin yanka mai faɗi da ba shi da gaɓa. Mahauci yana son katako mai kauri da zai jure sara. Mai shayi yana son bencin da ba zai karye ba bayan damina biyu. Makarantun allo da na boko suna son wurin zama. Ba sai kowane shago ya mallaki gada ba. Shaguna uku ko huɗu su haɗa kuɗi, ko ƙungiyar kafintoci ta kafa ɗaya a wuri guda, mai falanki ya kawo ya biya ladan aski kamar yadda ake kai hatsi inji. Masassaƙanmu kuma, waɗanda suka gaji gizago suka san halin kirya da marke da aduwa fiye da kowa, su ne ya kamata a fara tuntuɓa wajen zaɓen itace, domin da ƙwanƙwasawa kaɗai sukan gane kututturen da ke da rami a ciki.

Akwai tsoro guda da nake da shi, kuma ba zan rufe shirin nan ban faɗe shi ba. Ranar da falanki ya yi daraja, wani zai kalli bishiya mai rai ya ga kuɗi. Mun ga abin da ya faru da madobiya a Taraba da maƙwabtanta, yadda aka yi ta sara ana lodawa zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Mu nan a bakin hamada muke. Darbejiyar da muke shan inuwarta baƙuwa ce daga Indiya, a 1928 aka fara dasa ta a Borno, kuma yawancin waɗanda ke ƙasar nan hannu ne ya dasa su ya yi ta ba su ruwa, wasu a ƙarƙashin shirin dashen itatuwa na Jihar Katsina da ƙasashen Turai suka tallafa wa a ƙarshen shekarun 1980. Gawo kuwa a bar shi inda yake. Katakonsa ba shi da ƙwari, ƙwari na cinsa, amma a tsaye a gona yana zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya ba ƙasa taki, ya ba dabba abinci da rani. Gadar da nake magana a kanta ta itacen da ya riga ya faɗi ce, ko wanda dole ta sa a cire. Kafinta ya tambayi asalin duk kututturen da aka kawo masa. In na gefen hanya ne ko na fili, a sanar da mai unguwa, a je wurin malamin daji na ƙaramar hukuma a karɓi izini a rubuce. Wanda kuma ya ci ribar teburi guda, ya sayi dashe ya sa a inda waccan ta faɗi, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Abu na ƙarshe ga wanda ya kai ga haɗa teburin. Katako ko ya bushe yana numfashi, yana buɗewa da damina yana tsukewa da rani, kuma ta faɗi yake yin haka, ba ta tsawo ba. In ka ɗaure falanki mai ƙafa 3 a kan ƙafafun ƙarfe da noti ƙam-ƙam, watan Janairu zai tsaga shi. Ka ce wa mai walda ya yi ramukan notin dogaye, su bi faɗin teburin, a sa washa a ɗaure daidai wa daida. Man da za a shafa kuma, ko banish ne ko wani, a shafa sama da ƙasa adadi ɗaya, har da inda ido ba ya gani, don fuska ɗaya kada ta riga ɗayar shan damshi.